Me ya sa kwalliyar farcen gida ke ɓarewa da wuri? Fashin baƙi kan jan farce, jel da fitilarsa

Duk wadda ta taɓa zama da kwalbar jan farce ta yi wa kanta kwalliya ta san wannan takaicin. An ɓata awa guda ana shafawa ana hurawa, an yi ɗige-ɗige, an ja layi, an baje yatsu a iska ba a taɓa komai ba har hannu ya gaji. Washegari da safe sai a tarar da sawun zanin gado kwance a kan babban yatsa. Kafin kwana uku bakin farcen ya fara ɓarewa. Daga nan sai a ɗora laifin a kan ɗayan abu biyu: ko dai jan farcen ne ba shi da kyau, ko kuma "ni dai ba ni da hannu". Yawanci ba ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da na gane bayan na lalata farata ba adadi shi ne, zanen da ake gani a sama shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Fure da layi da ɗigo, mako biyu na gwaji sun isa hannu ya saba da su. Abin da ke sa kwalliya ta zauna ko ta tashi yana ƙarƙashin zanen: farcen kansa, sinadarin da ke cikin kwalba, da yadda biyun ke kama juna. Sannan akwai abu biyu da ake zubawa a kwalba iri ɗaya, da buroshi iri ɗaya, har launinsu kan zo ɗaya, amma aikinsu ya sha bamban. Ɗaya, wato jan farce, bushewa yake yi, ɗayan kuma, wato jel, daskarewa a ƙarƙashin hasken fitila. Wanda bai raba su ba shi ne ke shiga matsalar da ta fi ɓarewar launi girma.

Farcen kansa

An yi farce ne da keratin, irin furotin ɗin da ke cikin gashi da ƙaho da kofato. Wannan faifan mai tauri da muke shafa wa launi matattun ƙwayoyin halitta ne da aka danne hawa-hawa, ɗaya bisa ɗaya, kaurinsu duka wajen rabin milimita. Rayayyen ɓangaren yana ɓoye ƙarƙashin fata, can gindin farce. Ɗan farin nan mai kama da jinjirin wata da ake gani a babban yatsa, bakinsa ne ya leƙo waje. Daga can ake ƙera farce ana turo shi gaba, kimanin milimita 3 a wata. Kafin farcen hannu ya sabunta daga gindi zuwa baki sai an yi wajen wata 6, na ƙafa kuwa yakan ci shekara guda zuwa shekara da rabi.

Amfanin wannan lissafi ɗaya ne: farce ba ya warkewa. Fata in ta yanke takan haɗe, amma farcen da aka kankare ya yi fele-fele haka zai zauna har sabo ya turo shi a yanke. Mai yana sa shi taushi ya rage tsagewa, sai dai ba ya mayar da abin da aka goge. Gaggawar minti biyu da abin guga tana iya zama zaman jiran wata shida.

Ana yawan cewa a bar farce ya sha iska domin wai yana numfashi. Ba ya numfashi. Abincinsa da iskarsa ta jini suke zuwa, ta gindin nan. Hutun da ake ba shi yana da amfani, amma hutu ne daga asiton, ruwan da ake goge jan farce da shi, da kuma kankarewa. Abin da farce ke yi da gaske shi ne shan ruwa, kuma yana sha sosai. In ya jiƙa sai ya kumbura ya ɗan baje, in ya bushe ya koma yadda yake. To ki ɗauka an shafa launi a kan farcen da ya fito daga wanka ko wanke-wanke yanzu-yanzu. Launin ya kama shi yana kumbure, bayan awa guda farcen ya tsuke, launin kuma ba shi da wurin zuwa. Nan ɓarewa ke farawa tun ido bai gan ta ba. Shi ya sa jiƙa yatsu a kwanon ruwa gab da shafa launi, duk da daɗinsa, cuta ce ga kwalliyar. A bar hannu ya yi aƙalla awa guda rabonsa da ruwa.

Maiƙo shi ne maƙiyi na biyu. Man da aka shafa da safe, da wanda yatsa ya ɗebo daga fuska ko gashi, duk suna shiga tsakanin farce da launi. A goge kowane farce da auduga da sifirit ko ɗan asiton, daga nan kuma kada a ƙara taɓa shi. Sai batun fatar gindin farce, wadda ake yawan ruɗewa a kanta domin abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai rayayyiyar fata da ta yi wa farce gammo, ita ce ƙofar da ke hana ruwa da ƙwayoyin cuta shiga inda ake ƙera farcen. Akwai kuma wata matacciyar tantani, siririya, da ke manne a kan faifan tana biyo shi yayin da yake tsirowa. Ta biyun ce ake turawa a hankali a kawar, domin launin da ya hau kanta tare za su tashi. Ta farkon ba a yanka ta. Masu datse ta da almakashi don gefen ya yi tsaf su ne ke kwana da yatsa yana zogi, ya kumbura ya tara mugunya. Abin guga kuwa, lambar da ke jikinsa tana da ma'ana: ƙaramar lamba kaushi, babba laushi. Farcen mutum 180 zuwa 240 yake so. Mai lamba 100 na farcen roba ne.

Abin da ke cikin kwalbar

Jan farce ɗan'uwan fentin mota ne, kuma ba zolaya ba ce. Ginshiƙinsa nitroselulos, sinadarin da ake samu in aka sarrafa auduga da asid, wanda kamfanonin mota suka rungume shi a shekarun 1920 saboda saurin bushewarsa. Kamfanin Cutex na Amurka ya fitar da jan farce na ruwa a 1917, sai a 1932 'yan'uwa biyu, Charles da Joseph Revson, tare da wani masanin sinadarai Charles Lachman, suka kafa Revlon suka kawo launi mai rufe farce ruf. Harafin L da ke tsakiyar sunan kamfanin na Lachman ne. Daga wancan lokaci zuwa yau tsarin bai canja sosai ba. Akwai nitroselulos da ke zama fata a kan farce, akwai ƙaro da ke sa shi mannewa da sheƙi, akwai abin da ke hana shi tsagewa, akwai launi, sannan duk an narkar da su a cikin wani ruwa mai saurin tashi. Warin da ke cika ɗaki in an buɗe kwalba, wannan ruwan ne ke bin iska.

Bushewar jan farce ke nan gaba ɗaya: ruwan ya fita, sauran su zauna. Kuma ta sama yake fita. In shafin ya yi kauri, saman zai riga ƙasa bushewa ya yi murfi, ruwan da ke ƙasa ya rasa hanya. A taɓa a ji ya bushe, alhali cikinsa kunu ne. Shi ne sirrin sawun zanin gado. Shafi biyu ko uku marasa kauri, da jiran minti biyu zuwa uku tsakaninsu, sun fi shafi ɗaya mai kauri saurin bushewa nesa ba kusa ba. Shafin farko zai fito da zane-zane, ana hango farce ta cikinsa, ya yi muni. A bar shi da muninsa, na biyu ne zai gyara. Ja uku ya isa kowane farce, ɗaya a tsakiya, ɗaya kowane gefe, a bar ɗan sarari kamar silin gashi tsakanin launi da fata. Sannan a bi bakin farcen da buroshi a rufe kaifinsa, domin ta nan ruwa ke shiga ya ɗaga launin.

Ko bayan an gama, bushewar da hannu ke ji daban, taurin gaske daban. Na biyun yakan ɗauki sa'o'i da yawa. Tsoma yatsu a ruwan ƙanƙara da ake yayatawa saman kawai yake sandarar wa na ɗan lokaci, ruwan da ke ƙasa yana nan. Maganin dai kada a yi kwalliyar farce gab da barci ko gab da wanki.

Shafin ƙasa da shafin sama, waɗannan kwalabe biyu marasa launi da mai farawa ke ganin ɓarnar kuɗi ce, su ne rabin aikin. Na ƙasa yana kama farce ya kuma tare launi, musamman ja da shuɗi mai duhu, kada ya rina faifan ya bar shi rawaya. Na sama yana ɗaukar gogayyar yau da kullum, kuma in ana sabunta shi duk bayan kwana biyu ko uku kwalliyar takan kai mako. Kwalbar da ta yi kauri, akwai ruwan tsinka jan farce da ake sayarwa domin haka. Kada a zuba mata asiton, lalata ta zai yi. Kuma a riƙa mirgina kwalba tsakanin tafuka maimakon jijjiga ta, domin jijjiga ce ke haifar da ƙananan kumfa da ke fitowa kamar ƙuraje a kan farce.

Zanen

Nan ne daɗin yake, kuma kayan aikinsa rabinsu suna cikin gida. Kan fil yana ba da babban ɗigo, tsinken sakace ƙarami. Ɗigo biyar a zagaye da ɗaya a tsakiya, an yi fure. Ɗigo biyu kusa da juna a ja su ƙasa da tsinke su haɗu, an yi zuciya. A ɗiga launin a kan takarda ko leda a riƙa dangwalowa, a sabunta shi da zarar ya fara yauƙi.

Layi madaidaici aikin salatif ne, amma yana da sharaɗi biyu da ke karo da juna a kan mai gaggawa: launin ƙasa sai ya bushe ƙarau kafin a manna, na sama kuwa tun yana ɗanye ake cire salatif ɗin. In aka jira ya bushe, zai yage tare da shi. Da wannan dabara ake yin farin baki a kan farce mai launin fata, salon da ake dangantawa da Faransa alhali a Amurka aka raɗa masa suna. Jeff Pink, wanda ya kafa kamfanin Orly, shi ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 domin 'yan fim da ke canja kaya sau da yawa a rana ba su da lokacin canja launin farce.

Launi mai narkewa cikin wani, da soson kwalliyar fuska ake yi. A ja launi biyu ko uku kusa da juna a kan soson, a riƙa dangwala wa farcen da aka riga aka shafa wa fari. Zai fito da kaushi kamar bango, amma shafin sama na sauka sai ya kwanta launukan su shige juna. Akwai kuma hatimi: faifan ƙarfe da aka sassaƙa wa zane, a shafa launi, a share na sama, a ɗauko abin da ya rage da roba mai laushi a buga a farce. Duk cikin 'yan daƙiƙoƙi ake yi, in aka tsaya kallo ya bushe. Shi kuwa salon ɗiga launi a kofin ruwa a ja shi da tsinke a tsoma yatsa, yana da ban sha'awa a bidiyo, amma a ganina cin kwalba ne da ɓata yatsa har gaɓa ta biyu. A gwada sau ɗaya don a ce an yi.

Dabarar da ta fi taimaka mini ita ce barin zane da jan farce. Jan farce yana bushewa a bakin buroshi kafin a gama ganye ɗaya. Fentin masu zane na akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa, ya fi biyayya. A shafa launin ƙasa, a rufe da shafin sama, a bari ya bushe, sannan a yi zanen a kai. In an yi kuskure a goge da jiƙaƙƙen auduga a sake, ƙasan bai san an yi ba. In an gama a sake rufewa. Wajen rufewar nan ne da yawa ke ɓata aikin awa guda: a ɗebo shafin sama da yawa, a bar buroshin ya bi ta kan ruwan ba tare da gashinsa ya taɓa zanen ba, ja ɗaya, kada a koma.

Sai hannun da ba a saba da shi ba, wanda kowa ke kuka da shi. A dafa hannu biyun a kan tebur, a riƙe buroshi wuri ɗaya, yatsan da ake wa kwalliya shi ne zai riƙa juyawa. In zanen mai wuya ne, a yi shi a kan leda mai kauri da hannun da aka iya, a bari ya bushe, a ɓare shi a ɗora a kan farce mai ɗan danshin launi. Abin da ya fita gefe kuma, ƙaramin buroshi mai faɗin baki da aka tsoma a asiton zai share shi. Yawancin hotunan da ake gani gefensu tsaf, ba hannu ne ya fi naki tsayuwa ba, sharewa aka yi.

Duk kuskuren da aka yi da jan farce na kwalba, auduga ɗaya ce maganinsa. A nan jel ya bambanta.

Jel

Jel ba ya bushewa. Ki shafa shi ki zauna har dare, ɗanye za ki same shi, domin babu ruwan da zai tashi ya bar saura. Abin da ke cikinsa ƙananan ƙwayoyin sinadari ne na dangin akirilat, a warwatse, tare da wani sinadari da ke jiran haske. Da hasken fitilar ya sauka, wannan sinadarin zai farka ya sa ƙwayoyin su kama juna su zama sarƙa, sarƙoƙin su harɗe su zama roba mai tauri. Zafin da ake ji wani lokaci a cikin fitila, zafin wannan haɗuwar ne, kuma ya fi tsanani in shafin ya yi kauri ko farcen ya sha guga. Danƙon da ke saura a sama bayan an fito, iska ce ta hana fatar saman daskarewa, wato ɗanyen jel ne, ba abin taɓawa da yatsa ba.

Dangin nan daga wajen likitocin haƙori suka shigo kwalliyar farce. A shekarun 1950 wani likitan haƙori a Amurka, Fred Slack, ya ji ciwo a farcensa wajen aiki ya gyara shi da kayan da yake yi wa haƙora aiki, daga nan farcen akirilik ya samo tushe. Jel mai launi da ake shafawa kamar jan farce ya bazu ne bayan kamfanin CND ya fitar da Shellac a 2010. Da kullen korona na 2020 ya rufe shagunan gyaran farce a ƙasashe da yawa, sai fitila da kwalaben suka shigo ɗakunan mutane. Dalilin son sa a fili yake: minti ɗaya a fitila an gama, babu sawun zani, sheƙi har mako biyu ko uku, kuma mai zane tana da duk lokacin da take so tunda ba ya bushe mata a hannu.

Matsalar ita ce waɗancan ƙananan ƙwayoyin, tun ba su zama sarƙa ba. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne HEMA. Ƙanƙantarsa ta sa yana ratsa fata. In ɗanyen jel yana taɓa fata yau da gobe, wata rana garkuwar jiki sai ta ɗauke shi a matsayin maƙiyi. Daga ranar an samu alaji, kuma irin wanda ba ya tafiya ne. Alamunsa ƙaiƙayi a gefen farce, ja, ƙananan ƙuraje masu ruwa, tsagewar kan yatsu, wani lokaci farce ya rabu da naman da ke ƙarƙashinsa. Yakan fito har a fatar ido da wuya, wuraren da yatsa ke yawan kaiwa, shi ya sa wasu ke daɗewa suna zargin sabulu ko hoda. Wata takan yi shekara tana amfani da jel lafiya lau kafin abin ya same ta, don haka "ai ni bai taɓa yi mini komai ba" ba hujja ba ce.

Da a kan farce abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma ki tuna daga inda dangin suka fito. Farin cikon haƙori, da simintin da ake kafa gaɓar roba da shi a gwiwa ko ƙugu, da gam ɗin wasu na'urorin masu ciwon suga, duk akwai 'yan gidan akirilat a cikinsu. Wadda ta samu alajin a kan kwalliyar farce tana iya zuwa ta tarar an taƙaita mata zaɓi a gaban likita bayan shekaru. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan wannan a 2018, ta sake yi a 2023, inda ta nuna damuwa musamman kan kayan yi-da-kanka na gida. Tarayyar Turai tun 2021 ta taƙaita kayan farce masu HEMA ga ƙwararru kawai. A ranar 1 ga Satumba 2025 kuma ta hana TPO, ɗaya daga cikin sinadaran da ke karɓar hasken, bisa gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi. Kwalbar da aka rubuta wa cewa babu HEMA a ciki ta rage haɗari, amma wasu 'yan dangin ne suka maye gurbinsa, su ma suna iya jawo alaji.

Ta ina ɗanyen jel ke kaiwa ga fata? Hanya ta farko a bayyane take: ya malala gefe, a sa yatsa a share. Ta biyun ce mai ha'inci, wato jel ɗin da bai gama daskarewa ba. Jel yakan yi tauri a taɓa tun da sauran ƙwayoyi da yawa a cikinsa da ba su kama sarƙa ba, kuma ido ba ya ganewa. Kowane jel an haɗa shi ne don ya amsa wani irin haske na wani tsawon lokaci, saboda haka fitilar wani kamfani da jel ɗin wani ba lallai su dace ba, kuma yawan wat da aka rubuta a kwali ba shi ne ma'auni ba. Shafi mai kauri yana hana haske kaiwa ƙasa. Baƙi da fari da sauran launuka masu rufewa ruf sun fi tare shi. Babban yatsa yana kwanciya a karkace a cikin fitila, gefensa ɗaya a inuwa, shi ya sa ake saka shi shi kaɗai. Wadda ta ga jel ɗinta ya yi tamoji a sama, ko ya ɓare ta ga ƙasansa da laushi, to ɗanye ta kwana da shi.

Fitilar kanta ita ce mutane suka fi tsoro. Wadda ake kira LED ma hasken UVA take fitarwa, irin hasken nan da ke cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, ba ta kuɓuta ba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun nuna cewa hasken irin waɗannan fitilu yana lalata ƙwayoyin gado a cikin ƙwayoyin halittar da aka ajiye a faranti a ɗakin gwaji. Faranti ba hannun mutum ba ne, fata tana da nata kariya, amma sakamakon ya isa a sa safar hannu mai yankakken baki ko a shafa man kariya daga rana kafin a fara, a goge shi daga kan faratan. A nawa ganin, alajin ya fi fitilar kusa da mai yi a gida, shi ne kuma aka fi yi wa sakaci. Wadda ta nace sai jel, ta sayi fitila da kwalabe na kamfani ɗaya, ta bi lokacin da aka rubuta, ta yi shafi siriri, ta share duk abin da ya taɓa fata da buroshi kafin hannu ya shiga fitila. Wadda har yanzu jan farce na kwalba ke malale mata a gefe, hannunta bai kai na jel ba tukuna.

Cirewa ita ce inda farata suka fi mutuwa. Jel ya ɗan ɗaga a gefe, ana zaune ana hira, sai a sa haƙori ko wani farcen a ɓare shi. Daɗi kamar me. Amma fararen tabon da ke bayyana bayan nan ba ƙarancin sinadarin ƙashi ba ne kamar yadda ake cewa, saman farcen ne ya tafi tare da jel ɗin. Hanyar ita ce a goge sheƙin sama da abin guga, a shafa basilin a fatar gefe, a ɗora auduga mai asiton a naɗe da takardar alminiyam, a jira minti 10 zuwa 15. Abin da ya saki a ture shi da ɗan itace, abin da ya ƙi a sake naɗewa. Asiton yana kama wuta nan take, don haka a yi nesa da kyandir da murhu, a buɗe taga.

Farcen roba da ake mannawa hanya ce mai kyau ga mai son zane, domin ana iya yi masa kwalliyar a kan tebur da hannu biyu kafin a saka. Gam ɗinsa ɗan gidan sufa-gulu ne, kuma in ya zube a kan tufafin auduga yana yin zafin da ke ƙona fatar da ke ƙasa. Manna shi da jel a saka a fitila, yadda ake nunawa a bidiyo, kuskure ne in farcen mai launi ne, domin haske ba zai ratsa ba, ɗanyen jel zai zauna a kan farce har mako biyu. In kuma ya ɗan ɗaga ruwa ya shige, wata ƙwayar cuta mai son danshi da ake kira Sudomonas takan zauna a wurin ta rina farcen kore. A cire, a bar wurin a bushe, kada a rufe shi da wani launi. Koren tabon zai bi farce ya fita a hankali, in kuwa yana yaɗuwa ko da ciwo sai a je asibiti.

Tsakanin cire tsohuwar kwalliya da saka sabuwa, a tsaya a dubi faratan tsirara a cikin haske. Launi yana ɓoye abubuwa. Layi mai duhu da ya bi tsawon farce abu ne da aka saba gani a masu duhun fata, sau da yawa a yatsu fiye da ɗaya, kuma yawanci ba komai ba ne. Amma wanda ya fito sabo a yatsa ɗaya, yana ƙara faɗi, ko duhunsa ya tsallaka kan fatar gindin farce, likitan fata ya kamata ya gan shi kafin a sake shafa komai a kai, domin akwai sankarar fata da ke farawa a nan. Wadda kuma aka sa wa ranar tiyata ta je da faratanta babu komai, saboda na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini haske take harbawa ta cikin farce, launi mai duhu kuma yana iya rikita mata lissafi.